Kwafin "Mata Biyu Suna Ɗinki" da fentin mai a Maradi: hannu ya iya, ƙyalle ne bai shirya ba

Akwai wani shagon masu zane a Maradi, a ɗaya daga cikin layukan da ke kewaye da Babbar Kasuwa, wanda asalin sana'arsa rubuta allunan shaguna ne da zana bayan manyan motoci. Daga baya suka ƙara wani aiki: ka kai musu hoton zanen da ka gani a intanet, su yi maka kwafinsa, ko su buga da na'ura, ko maigidan ya zauna ya zana da hannu da fentin mai. Kwafi biyu na zane ɗaya aka duba a nan, ɗaya bugu, ɗaya aikin hannu, kowanne santimita 60 a 85. Dukansu sun shekara rataye a wani ɗakin koyon ɗinki na mata, wato sun sha hunturu, sun sha bazara, sun sha damina. Zanen da bai ga waɗannan ukun ba a garin nan, ba a san ingancinsa ba tukuna.

Maigidan shagon ya iya zane, ya iya ƙwarai. Abin da ke ƙarƙashin fentin ne bai shirya ba, kuma wasu ɗabi'un da ke sa allunansa su fita tsaf su ne suka cuci wannan aikin.

Zanen da aka kwafa na Robert MacBryde ne, mutumin Sikotlan. Sunansa da Turanci Two Women Sewing, wato mata biyu suna ɗinki. Ya yi shi wajen 1948 da fentin mai a kan ƙyalle, kuma asalinsa yana hannun gidan adana zane-zane na ƙasar Sikotlan a birnin Edinbara. An haifi MacBryde a 1913 a ƙaramin garin Maybole, ya yi shekaru yana aiki a masana'antar takalma kafin ya shiga makarantar zane ta Gilasgo a farkon shekarun 1930. Can ya haɗu da Robert Colquhoun, ɗan garin Kilmarnock, suka zauna tare suka yi aiki tare har mutane suka riƙa ce musu Robert biyu. Sun zaga Faransa da Italiya gab da Yaƙin Duniya na Biyu, suka dawo suka tare a Landan, inda suka yi maƙwabtaka da Jankel Adler, mai zane ɗan Polan wanda ya yi tasiri a kansu sosai. Colquhoun ya mutu a 1962, MacBryde kuma mota ce ta kaɗe shi a Dablin a 1966.

Wannan tarihin yana da amfani ga mai ba da aikin kwafi, don shi ke bayyana dalilin da ya sa zanen ya yi kama da abin da ya yi kama. Salon da mutanen nan biyu suka ɗauko daga shahararrun masu zane Picasso da Braque, ta hanyar Adler, ba ya zana fuska yadda kyamara ke ɗaukarta. Yanka ta ake yi gida-gida, kamar yadda tela ke yanka yadi kafin ya haɗa: goshi fili ɗaya, kunci wani fili, kowanne da launinsa, layi mai duhu ya raba su. Zurfi kaɗan ne, abin da ke baya da abin da ke gaba duk sun matso saman ƙyalle. Mai kallo na farko yakan ce ai bai iya fuska ba. Ya iya, wanda ya yi shekaru a makarantar zane ba fuska za ta gagare shi ba. Nauyin zaman ɗinki yake son a gani, da yadda jiki ke sunkuyawa ya zama abu ɗaya da aikin da ke gabansa.

A nan ne mai rubuta allo ya fi ɗan makaranta da yawa dacewa da aikin. Mutumin da ya shekara ashirin yana jan haruffa a jikin tirela ba ya tsoron layi mai kauri, kuma ya san yadda ake cika fili da launi ɗaya ba tare da hannu ya yi rawa ba. Layukan kwafin nan a tsaye suke, jan hannu ɗaya, babu lallaɓawa. Ma'auni ma bai kuskure ba. Ya buga hoton a takarda ya raba shi gida-gida, ya raba ƙyallen murabba'i na santimita 5, wato gida 12 a 17, ya riƙa ɗauko abin da ke kowane gida yana saukewa da gawayi. In ka ɗora hoton asali kusa da shi, kafaɗa tana inda take, gwiwar hannu tana inda take. Launukan ƙasa kuwa, ja-ja da rawaya-rawaya da ruwan makuba, ya haɗa su da ido mai kyau. A wannan ɓangaren babu abin cewa sai yabo.

Sai fuska. Ka matso kusa da ɗaya daga cikin matan, kamar taku biyu, za ka ga inda hannun ya kasa haƙuri. An zagaye kuncin, an shafe iyakar da ke tsakanin haske da inuwa da busasshen buroshi har ta narke, an sa ɗan ɗigon fari a ido, an sirantar da yatsu. Fuskar ta koma irin wadda ake zanawa a allon shagon kitso. Tufafin da bangon suna nan a salon MacBryde, kai kuwa na wani zane ne daban aka ɗora, kamar hular da ba ta kan mai ita ba. Maigidan ba kuskure ya ɗauki wannan ba, kyautatawa ya ɗauke shi, don a sana'arsa duk fuskar da ba ta yi kyau ba mai shago ba zai biya ba. Saboda haka dole a faɗa masa tun kafin ya jiƙa buroshi, a kuma faɗa a fili: "Malam, don Allah a bar fuskar yadda take, haka mai zanen asali ya so ta, kada a gyara komai." In da hali a nemi ya fara da kawunan, a zo a gani, kafin ya shiga sauran. Gyaran fuska bayan fenti ya bushe yana nufin a ƙara wani fentin a kai, tudun na farko kuma ba ya ɓoyuwa.

Wannan laifin ido ke gani. Babban laifin sai an sauke zanen an juya bayansa.

Bayan ƙyallen duk tabon mai ne, ruwan ƙasa-ƙasa, kuma tabon ya bi siffar zanen daidai, har kana iya gane inda kan mace yake daga baya. Inda fentin ya fi kauri nan tabon ya fi duhu, in ka murza wurin da yatsa zaren ya yi tauri kamar busasshen ganye. Ma'anarsa mai ya ratsa ya shiga audugar. Man da ke cikin fenti ba ya bushewa kamar ruwa, iska yake sha yana daskarewa, yana kuma yin tsami a hankali, tsamin nan ne ke cin zaren auduga har ƙyalle ya ruɓe ya riƙa yagewa da ɗan taɓi. Ba a shekara ɗaya yake kashe zane ba, amma in ya fara babu mai mayar da shi.

Abu biyu suka jawo haka. Na farko, akoko aka yi amfani da shi, kuma ba a wanke ba. Akoko siriri ne, saƙarsa a buɗe take, ga sitacin masana'anta a jikinsa wanda ke hana shimfiɗa, wato farin shafin da ake yi wa ƙyalle kafin zane, kama zare. Abin da ya dace shi ne ƙyallen auduga mai kauri, wanda nauyinsa ya kai giram 340 zuwa 400 a murabba'in mita, a wanke shi, a shanya, a goge, don ya gama ƙanƙancewarsa tun kafin a ɗaure. Mita ɗaya da kwata ta isa wannan girman, tunda ana barin kamar santimita 8 a kowane gefe na naɗewa. Na biyu, shimfiɗar farin da aka yi masa fentin ruwa ne na bango, shafi ɗaya. Fentin bango alli ya yi masa yawa, abin riƙewa ya yi kaɗan. Yana zuƙe mai kamar soso ya miƙa shi ga ƙyalle, ya bar launin sama a bushe, shi ya sa wuraren duhu na kwafin suka dushe suka yi toka-toka, wasu wuraren kuma suna sheƙi. A kusurwa biyu shimfiɗar ta fara ɓarewa, tana tafiya da fentin da ke kanta.

Tun ran gini ran zane. Shimfiɗar kirki ita ce jeso na akirilik, wani farin shafi mai ruwa da ake yi musamman don ƙyallen zane, shafi uku aƙalla. Na farko a sirka shi da ruwa kaɗan, kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu, a tura shi cikin saƙa da buroshi mai faɗi. Na biyu a ja shi a gicciye da na farko, na uku a koma yadda aka fara, ana barin kowanne ya bushe, ana ɗan goga sanfefa mai laushi a tsakani. Bayan na ƙarshe a jira kwana uku kafin mai ya taɓa shi. Rabin lita ta isa har ta yi saura. Gwajinsa ba wuya: a ɗaga ƙyallen a rana, in ana ganin ƙananan ramukan haske kamar tankaɗe, a ƙara shafi, sannan a ɗiga man fenti a kan ƙyallen da aka rage wanda shi ma aka yi wa shimfiɗar, a duba bayansa washegari, in ya fito to shimfiɗar ba ta toshe ba.

Wanda ya karanta yadda Turawan da ke yi zai ce ai da mannin fatar dabba suke toshe ƙyalle, kamar giram 70 a lita ɗaya ta ruwan ɗumi. Haka ne, kuma a zamanin MacBryde shi aka saba da shi. Amma a Maradi ba shawara ba ce. Mannin fata yana kumbura in iska ta jiƙe, yana tsukewa da ƙarfi in ta bushe. Gidajen adana zane suna riƙe laimar iska tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari, mu kuwa a hunturu takan faɗi ƙasa da 20, a Agusta ta haura 70. Ƙyallen da ke wannan kai da komowa kowace shekara sai ya tsattsage fentin da ke kansa, ga fumfuna da ƙwari da ke son mannin. Ƙaro ma, duk da yana nan a kasuwa da araha, bai yi ba: yana narkewa da laima, yana karyewa in ya bushe. In jeso ya gagara samu, farin manni na kafinta da aka sirka da ruwa daidai wa daida, shafi biyu, sannan farin akirilik a kai, ya fi fentin bango nesa ba kusa ba, ko da yake shi ma yana tauri da tsufa.

Katakon da aka ɗaure ƙyallen a kai, wanda masu aikin ke ce wa shasi, shi ma da sauransa. Ɗanyen farin katako ne, ya bushe a jikin bango ya murɗe, yanzu kusurwa ɗaya ta ɗaga daga bango kusan faɗin yatsa biyu. Ba a kuma fere bakinsa na ciki ba, ƙyalle yana kwance a kansa, saboda haka wani siririn layi ya fito a fuskar zanen, ya zagaye shi santimita 4 daga gefe. A gaya wa kafinta busasshen katako ake so, faɗin santimita 4 zuwa 5, kauri 2, a karkata fuskarsa ta yadda bakin waje kaɗai zai taɓa ƙyalle, a sa sanda ɗaya a tsakiya tunda tsawon ya kai 85. A auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, in awon bai zo ɗaya ba shasin a karkace yake. Ɗaurin kansa ba laifi: an fara daga tsakiyar kowane gefe, ana ja ana komawa kishiyarsa, ƙusa kowane santimita 6, kusurwoyi a naɗe tsaf.

Fentin kuma gauraye ne, kuma wannan ya kamata mai saye ya sani don kuɗinsa a nan suke. Kawuna da hannuwa da fentin tub aka yi su, wato na matsewa, na masu zane. Manyan filaye, bango da tufafi, da fentin gwangwani aka cika su, irin na ƙofa da taga. Ana gane shi da ido: ya kwanta sumul kamar kwano, babu sawun buroshi ko ɗaya. Fentin gwangwani ba haramun ba ne a zane, Picasso kansa ya yi aiki da Ripolin, fentin gida ne. Sai dai an yi shi ne don ƙarfe da katako, abubuwan da ba sa motsi. A kan ƙyalle yana bushewa da wuri ya yi tauri, ƙyalle ya motsa shi bai motsa ba, sai tsaga. Mafi muni shi ne inda aka ɗora shi a kan fentin tub da bai gama bushewa ba. A ƙasan zanen akwai wuri kamar tafin hannu da ya tsattsage irin na tabkin da ya ƙafe, launin ƙasa yana leƙowa ta cikin tsagar. Ƙa'idar tsohuwa ce: na ƙasa ya zama siriri mai ƙarancin mai, na sama ya fi shi mai, kuma mai saurin bushewa ba ya hawa kan mai jinkiri. Ban da haka, zanen wannan zamani jikinsa yana da kaushi da sawun hannu, fentin da ke kwanciya sumul ba zai taɓa ba da wannan ba.

A tambayi abin da ake sirka fentin da shi. A shagon nan fetur ne da kananzir, don su ke kusa. Fetur yana tashi nan take ya bar launi ba abin riƙewa, ga haɗarin gobara a ɗaki mai zafi. Kananzir yana jinkirin tashi, yana barin maiƙo da ke hana fenti kamawa. Abin da ake buƙata tarfentin ne na shafin farko, sannan man lin, wanda a kwalba ake rubuta huile de lin, ana ƙara shi kaɗan-kaɗan a shafin sama. Tunda garin gyaɗa muke, a faɗi wannan ma: man gyaɗa ba ya cikin mayukan da ke daskarewa da iska. Duk yaron shagon da ya ɗiga shi a fenti don ya yi santsi, wurin zai zauna da danƙo yana tara ƙura, ba wata ranar bushewa da za a jira.

Lokaci shi ne abin da mai allo bai saba bayarwa ba. Allon shago yau a zana, gobe a kafa. An yi alkawarin kwafin nan kwana goma, aka ba da shi a mako uku, kuma ko mako ukun ya yi kaɗan. Launukan ƙasa masu duhu sukan bushe a kwana ɗaya ko biyu, amma fari da baƙi da rawaya mai haske sukan ɗauki kwana biyar ko fiye, in da kauri ma su wuce haka. Zane mai shafi uku ko huɗu yana son mako shida zuwa takwas. Don a cim ma alkawari sai aka riƙa fitar da shi rana, kamar allo. A zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, saman fenti yana yin fata alhali cikinsa ɗanye ne, daga baya fatar ta yamutse. In ka shafa bayan yatsa a hankali a kan fararen wuraren za ka ji yamutsin, ka kuma ji ƴan ƙwayoyin yashi da suka manne tun yana ɗanye. Inuwa ake so mai iska da haske, zanen a jingine fuskarsa na kallon bango da ɗan tazara. Kada kuma a kulle shi a ɗaki mai duhu, don fentin mai yana yin rawaya a duhu, ko da yake wannan yakan washe in ya sake ganin haske.

Sannan aka rufe duka da berni na katako, irin wanda kafinta ke shafa wa gado, kwana kaɗan bayan an gama. Wannan ne ba shi da magani. Man sheƙi na zane ana shafa shi ne bayan wata shida zuwa shekara, siriri, kuma an yi shi ne don wata rana a iya cire shi da dattin da ya kwasa a sa sabo. Bernin katako ba ya ciruwa sai da abin da zai ci fentin, kuma da yake an shafa shi a kan ɗanye ya haɗe da shi. Ya riga ya fara ja, fararen wurare sun koma ruwan shayi, kuma da damina wani farin hazo ya fito a wuraren duhu inda laima ta maƙale. Ya kamata mai ba da aiki ya ce kada a shafa komai. Zane ba berni ya fi zane da mugun berni. In shekara ta zagayo, a jiƙa ɗan farin ƙyalle da tarfentin a taɓa gefe a hankali. In launi bai biyo ba, to lokacin shafa na gaskiya ya yi.

Bugun na'ura ba shi da dogon labari. A kan bash aka buga shi, robar da ake yin tallan taro da ita, da tawadar da ake yi wa allunan waje. Bai tsage ba, bai ɓare ba, ana iya goge shi da ɗanyen tsumma, kuma fuskokin suna nan yadda MacBryde ya yi su tunda na'ura ba ta da ra'ayi. Amma yana ƙyalli kamar leda, ya saki a bazara ya yi ciki, launuka masu duhu sun haɗe sun zama baƙi ɗaya, tsanwa ta yi kaifin da ba nata ba. Layukan kuma sun yi dishi-dishi, kuma wannan ba laifin shagon kaɗai ba ne. Ta WhatsApp aka tura hoton, shi kuwa yakan matse hoto zuwa wajen fiksel 1600, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto, a dogon gefe. In aka shimfiɗa 1600 a kan santimita 85, ɗigo 48 ke nan a inci, alhali bugu a ƙyalle yana son 150, wato hoto mai kamar fiksel 3500 a 5000. A nemi mafi girman hoton da za a iya samu, ba wanda aka ɗauka daga fuskar waya ba, a kai shi a kan kati ko a tura shi a matsayin fayil. A kuma nemi su buga ɗan yanki na gwaji, kamar tafin hannu, daga wuri mai duhu, kafin a buga duka. Laifinsu shi ne ba su ce komai ba da suka ga hoton ƙarami ne.

Ta fuskar kuɗi aikin hannu ya ninka bugu sau da yawa, kuma yadda aka yi shi a wannan karon bai cancanci bambancin ba, tunda bugun zai fi shi daɗewa da kyau. Amma da sharaɗi zai cancanta. Hanyar da ta fi ita ce mai ba da aiki ya sayo kayan da kansa ya biya ladan hannu kawai: ƙyalle, jeso, babban tub ɗaya na farin titaniyom, ƙananan tub na mililita 37 ko 40 na rawayar ƙasa, jan ƙasa, ruwan ƙasa mai duhu, baƙi, shuɗi, ja, rawaya da tsanwa, da kwalbar tarfentin da ta man lin. Galibi sai an aika Kano ko Yamai. A guji farin zinki a shafin ƙasa, yana sa fenti ya yi ƙarau ya ɓare. A ba da kashi ɗaya cikin uku na lada a farko, kashi na biyu bayan an ga shimfiɗa da kawuna, sauran ranar ɗauka. Mutanen shagon suna da sauƙin kai, suna sauraro, ba sa jin haushin a leƙo aiki, wanda ba kowane mai sana'a ke da shi ba.

Abu ɗaya da suka yi daidai ba tare da an ce musu ba: ba su kwaikwayi sa hannun mai zanen ba. A ƙara da rubuta a bayan shasin cewa kwafi ne, da sunan MacBryde da shekarar da aka kwafa. A dokar Birtaniya haƙƙin mai zane yana nan har shekara 70 bayan mutuwarsa, wato nasa sai ƙarshen 2036, don haka wanda ke tunanin buga da yawa ya sayar ya san akwai masu haƙƙi. Batun rataye surar mutum a ɗaki kuwa, gidaje da yawa a Maradi ba sa yi, wannan kowa ya tambayi malaminsa kafin ya kashe kuɗi, kada a gama aiki Hajiya ta ce ba a ɗakinta ba. MacBryde ya fi shahara ma da zanen ƴaƴan itace da kayan tebur, wanda yake son salon ba tare da sura ba yana da zaɓi.

Ranar ɗauka kada a naɗe shi a leda, tana manne wa fenti a zafi. A sa shi tsakanin kwali biyu da ɗan tazara, a riƙe shi a tsaye. A adaidaita ya fi kabu-kabu, don iska tana tura ƙyalle ya bugi sandar tsakiya. A gida a nisanta shi da bangon yamma da ke ɗaukar zafin la'asar, da ƙofar madafa, da inda ake ajiye kaskon turaren wuta, don hayaƙin turare yana barin danƙo mai ja da ba ya fita. A rufe bayansa da kwali mai kauri ko falanki siriri, a manna ƴan guntayen roba a kusurwoyin ƙasa don ya bar bango da santimita ɗaya ko biyu, musamman in bangon ƙasa ne inda gara ke bi. In za a sa gilashi saboda ƙurar hunturu, a sa siririn katako na milimita 5 a cikin kadar, wato katakon da ke zagaye zanen, don kada gilashin ya taɓa fenti. Shara da busasshen buroshi mai laushi kawai, daga sama zuwa ƙasa, ba ruwa, ba sabulu, ba mai. Kuma a riƙa sauke shi a ƙarshen kowace damina ana duba baya: da aka juya kwafin nan, gidan zanzaro biyu aka tarar a kusurwar sama, laka ta riga ta ratsa ƙyallen ta bar tabo a gaba.